Kiɗan da Don Eusebio Bai Ji Ƙarshensa Ba

Tsirkiya ɗaya Fermín ya shiga saye a shagon Don Eusebio, masassaƙin jita na unguwarmu a Granada. 'Yarsa Nieves ya tarar a bayan kantar shagon. Ta dubi fulawar da ke gashinsa, ta ƙunshe dariya.

"Kai ne mai gidan burodin nan da ke damunmu da waƙa uku kullum?"

"Huɗu ne."

"To ta huɗun ba ta iso nan ba, Mai Fulawa."

Tun daga ranar tsirkiyarsa ta koyi tsinkewa duk mako.

Da maganar aure ta kai ga Don Eusebio, ko ajiye wuƙar sassaƙarsa bai yi ba.

"Yaro, shekara nawa kana kaɗa abu mai sauƙi? Wanda ke gudun wuya a jita, zai guje ta a aure."

Shi wani Gonzalo yake so ya aura mata, malamin makarantar kiɗa.

Zuciya ta ɗebi Fermín. Ya zaɓi wani tsohon kiɗa na mutanen da, wanda yatsu uku ke rawa a kan tsirkiya ɗaya har sauti ya zuba kamar ruwa. Ya rantse ba zai sake taka shagon ba sai ya iya shi.

Kullum ya tashi daga aiki sai ya hau ɗakinsa na sama ya zauna. Yatsunsa suka yi kanta. Farkon kiɗan ya faɗa hannu, tsakiyar ta ƙi.

Nieves ta turo saƙo: "Mai Fulawana, ni ban ce sai ka iya ba. Ka zo."

Ya amsa: "Saura kaɗan, zuciyata."

Sai ya fara ganinta a motar Gonzalo. Bai tambaya ba, ya daina ɗaga wayarta. Aka cinye lokacin sanyi, aka shiga zafi, yana fushi yana kaɗawa, har ranar da kiɗan ya fita sumul.

A makon ne saƙon Nieves ya shigo: "Baba ya rasu. Asibiti Gonzalo ke kai mu, da ka tambaya da na faɗa maka."

Ya je gaisuwa kansa a ƙasa. Doña Amparo, mahaifiyar Nieves, ta kama hannunsa.

"Ɗana, ina ka shige? Kafin ciwo ya kwantar da shi, a ƙarƙashin tagarka yake tsayawa da yamma. Ya ce kana sauri a tsakiya. Ya yi ta cewa in ka zo zai nuna maka."

Fermín ya rufe fuska da tafukansa.

Nieves ta daɗe ba ta kula shi ba. Shi kuwa kullum yana shagon, yana share ƙurar katako, yana kawo burodi da zafinsa. Wata rana ta tsaya a kansa.

"Ka iya abu mai wuya, ka kasa mai sauƙi. Tambaya ce fa kawai."

"Na sani. Ki yafe mini."

"Kada ka ƙara ɓuya mini, ko da ka faɗi."

An ɗaura aurensu a ƙaramin cocin unguwa, ƙanin marigayi ne ya riƙo hannun amarya. A bakin ƙofa Doña Amparo ta rungume su biyun tana hawaye.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ku riƙa yi wa juna magana tun da sauran lokaci."