Mai Zane da Farin Hannun Marini

A can wani zamani, an yi wata mai zane da ke haɗa littattafai da hannunta. Ita ke dama tawada, ita ke zane, ita ke ɗinke takardun. A garinsu kuwa, ba a kai aiki kasuwa sai an nuna wa maƙwabta.

Ana gobe kasuwa ta gama wani littafi na hotunan masu sana'a, ta ɗinke shi tsaf. Ta kai wa masaƙi. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya yi kyau, 'yata. Amma masaƙin nan naki, ƙafafunsa barci suke? Mu ƙafa ke takawa, hannu na jefa ƙoshiya."

Ta kai wa marini. Ya ce, "Ya yi kyau, 'yata. Amma marini da hannu fari tas? Wannan ɗan kallo ne!"

Ta koma ɗakin aikinta tana kwaikwayon muryarsu: "Ya yi kyau, 'yata, amma, amma!" Zuciyarta ta ce, "Masu saye ba za su gane ba. In kika warware ɗinkin nan, kasuwa ta wuce ki." Ta daɗe tana kallon littafin, sannan ta ɗauki aska ta yanke zaren.

Kasuwa ta ci babu ita. Kwana uku ta yi a gaban tsofaffin nan tana kallon aikinsu, sannan ta sake zanen.

Da marini ya gani, sai ya dangwala yatsa a takardar, ya ce, "Yauwa, wannan ni ne!" Shuni ya fito ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Kash, na ɓata miki aiki!"

Ta yi dariya, ta ce, "Bar shi, Kawu. Haka zan ɗinke shi."