Shirun da Ke Cikin Minsharin Auta

Ranar da Yaya ta fara ganin Likita, ƙanwarta Auta ta kai asibitin haƙori. Haƙoran yarinyar na sama sun turo gaba, 'yan ajinsu sun laƙaba mata Zomo.

"Waya kawai za a sa mata," in ji Yaya.

Likitan saurayi ne dogo. Ya ɗago ya dube ta, kallon ya ɗan wuce na aiki, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Daga nan ya juya kan Auta, wadda ke zaune baki buɗe, ƙasan idonta ya yi duhu.

"Tana minshari?"

Yaya ta yi dariya. "Kamar janareto. Mun saba."

Shi bai yi dariyar ba. Ya ce akwai wata tsoka a bayan hancin yarinyar da ta toshe mata hanyar iska, shi ya sa take numfashi ta baki. Yaron da ya taso a haka harshensa ba ya zama a ganɗa, muƙamuƙin sama sai ya tsuke, haƙora su rasa wuri.

"Wayar mai sauƙi ce. Amma sai an fara cire tsokar, ƙaramar tiyata ce."

Nan take fuskar Yaya ta canza. Mahaifiyarsu a ɗakin tiyata ta rasu wajen haihuwar Auta, kuma tun ranar Baba ya rantse wuƙa ba za ta sake taɓa nasa ba.

Likita ya karɓi lambar Yaya don ya riƙa bin lafiyar yarinya. To, kowa ya san irin wannan bin lafiyar! Kafin wani lokaci saƙonni sun koma: "Sanyin idona, yau na duba bakin mutane da yawa, murmushinki kaɗai nake tunawa." Ta mayar masa: "Mai waya, daɗin baki ma a makarantar likita ake koya muku?"

Amma kowane saƙo nasa da tambaya ɗaya yake ƙarewa: "Ya barcin Auta?"

Da ya je gaishe da Baba, tsohon ya karɓe shi hannu biyu, har sai da maganar tiyata ta fito.

"Yaro, ka yi mini," Baba ya ce, muryarsa a daskare. "In babbar kake so, na ba ka. Sharaɗina ɗaya, kada ka ƙara ambaton wuƙa a gidan nan."

Yaya na bayan labule tana roƙon Allah ya sa ya ce to.

"Baba, ka gafarce ni, ba zan iya wannan alkawarin ba. Ni ba minsharin ne ke ba ni tsoro ba, shirun da ke tsakaninsa ne. A lokacin ba ta numfashi."

"Tashi ka bar mini gida."

Haba, ranar Yaya ta sha kuka! Ta rubuta masa: "Kalma ɗaya ta gagare ka saboda ni? Ashe aikinka ka fi so." Ya amsa: "Ina son ki fiye da yadda kike zato. Amma ba zan saye ki da numfashin ƙanwarki ba." Ta kashe wayar.

Ɗan maƙwabcinsu mai shagon taya, wanda ya daɗe yana raɓe-raɓe, ya samu ƙofa. Kullum yana falo yana taya Baba cewa likitocin zamani yanka kawai suka sani. Auta kuwa sai ramewa take, malamarsu ta aiko cewa barci take a aji.

Wata rana da la'asar Auta ta dawo makaranta, ta kwanta a cinyar Baba, barci ya ɗauke ta. Yaya na guga a gefe. Minsharin ya tashi yadda aka saba, sai kuma ya yanke.

Yaya ta ajiye dutsen guga. Ƙirjin yarinyar yana ja yana ja, iska ba ta shiga. Leɓenta ya fara yin duhu.

"Auta," Baba ya kira a hankali. "Auta!"

Ya girgiza ta da ƙarfi. Sai ta ja wani numfashi mai ƙara kamar wadda aka tsamo daga ruwa, ta ci gaba da barcinta. Baba ya ɗago ya dubi Yaya.

"Kullum haka take yi?"

"Kullum, Baba. Mu ne ba ma saurare."

Baba ya sake duban fuskar Auta. Can ya ce, "Kira mini yaron nan."

Ranar tiyata Baba ya ƙi zama. Ya tsaya jikin ƙofar, goshinsa a bango, Likita na tsaye kusa da shi. Da aka turo gadon, ya kasa dubawa sai da ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, ga 'yarka, tana neman ka." Nan ya durƙushe ya fashe da kuka a gaban kowa.

Bayan ta warke aka sa mata wayar da ke buɗa muƙamuƙi a hankali. Da ita a baki ta yi ta rawa ranar ɗaurin auren yayarta.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun ango ya riƙe gam.

"Na kore ka, ka tafi, amma ba ka sakar mini ƙaramar ba. Ga babbar nan, ita ma ka riƙe mini ita haka. Allah ya yi muku albarka."