Tauraron da ke Idon Mufida

"Akwai tauraro a idonki na hagu."

Mufida ta janye haɓarta daga jikin na'urar, ta dubi likitan da ido ɗayan da ke gani sosai. Ta zaci wasa yake, amma fuskarsa ba ta wasa ba ce.

Ya yi mata bayani a hankali. Yanar ido ce ta fito mata, sai dai ba irin ta tsofaffi ba. Wannan bugu ne ke kawo ta, kuma in an haska ana ganin ta bazu kamar tauraro, shi ya sa likitoci ke kiranta haka. Da ya tambaya ko wani abu ya taɓa bugun idon, sai ta tuna bara, ranar da take tatsa a rugarsu ta Dalijan, saniyar Baffanta ta kaɗa kai ƙahon ya same ta a gira. Kwana biyu ta yi da kumburi, aka shafa man shanu, aka manta, sai ɗan tabo da ya rage.

"Sai an yi aiki," in ji likitan. "In aka bari, idon zai rufe."

Sati uku ya rage a ɗaura aurenta da Rilwanu.

Rilwanu malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Kalgo, gidansu kuma yana Gwandu. Shi ya roƙi Hadiza, 'yar gwaggonsa da ta tashi a gidansu, ta rako Mufida asibitin, tunda bai dace su zo su biyu ba. Dangi duka sun san Hadiza ta daɗe da sa rai a kansa. Shi kaɗai ne bai taɓa lura ba.

A mota Hadiza ta riƙe mata hannu har gida, tana ta yi mata sannu.

Bayan kwana biyu aka aiko daga Gwandu cewa a ɗaga biki. Ba a faɗi dalili ba.

Mufida ta kira Rilwanu sau bakwai bai ɗauka ba. Sai a rana ta uku ya zo da la'asar, ya tsaya gindin gawon da ke bakin ruga, ya kasa haɗa ido da ita.

Ya ce Hadiza ce ta gaya wa mahaifiyarsa, Inna Larai, cewa likita ya ga tauraro a idon amarya. Inna ba ta kwana ba sai da ta je wajen wani mai duba a Kambaza. Mutumin ya lissafa haruffan sunayensu a kan yashi, ya ce tauraron Mufida na wuta ne, na Rilwanu na ruwa, dole ɗaya ya kashe ɗaya, kuma abin da ya fito a idonta alama ce ta an fara. Inna ta binne miji, ta binne ɗanta na fari. Rilwanu kaɗai ya rage mata.

"Kai ma ka yarda?"

Shi ne fa ya koya mata cewa taurari ranaku ne masu nisa, rana ma tauraro ce. Shi ya ce mata Gamzakin da take gani da asuba ba ma tauraro ba ne, wata duniya ce mai zagaya rana kamar tamu.

"Ban yarda ba, Mufida. Wallahi ban yarda ba. Amma Inna ta yarda... kwana uku ke nan ba ta ci abinci ba."

"To ni fa?"

Ya juya yana kallon garke.

"Laraba za a yi aikin," ta ce. "In tsayuwa irin wannan za ka zo ka yi mini, ka yi zamanka."

Kwanakin suka yi mata tsawo. Kullum da safe sai ta rufe idon dama da tafin hannu ta dubi garke, shanun sun zama farin hazo mai motsi, kullum hazon na ƙaruwa. Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro, wuƙar likita ko shirun wayarta. Baffa ya fusata, ya ce a kwashe akwatunan lefe a mayar musu, 'yarsa ba abin dubawa a yashi ba ce. Ta durƙusa ta roƙe shi ya bari Laraba ta wuce.

Ran Laraba suna zaune a bencin asibiti ita da Baffa, sai ga Rilwanu. Bayansa wata tsohuwa ce doguwa, ta ja mayafi har goshi.

Mufida ta gane Inna Larai ce.

Rilwanu ya matso ya gaya mata a hankali abin da ya yi. Ya roƙi Inna ta zo ta ga tauraron da idonta, ya kuma yi mata alkawarin in ta gani ta ce a'a, zai haƙura.

"Ka yi mata wannan alkawarin?"

"Babu wata hanyar da zan sa ta shiga mota, masoyiyata. Ki yafe mini."

Da suka shiga, likitan ya tambayi Mufida ko ta amince Inna ta duba idonta ta cikin na'urar. Ta gyaɗa kai, ta ɗora haɓarta a na'urar, haske ya cika mata ido. Tana jin numfashin tsohuwar daga ɗaya ɓangaren.

Likitan ya nuna wa Inna inda za ta duba.

"Ga shi nan kuwa," in ji Inna a hankali. "Fari tas... har da 'yan yatsunsa."

Hawaye ya zubo wa Mufida. Shi ke nan.

Likitan ya ce wa Inna a kowane wata yakan ga irinsa uku ko huɗu, galibi a idon manoma da masunta, kuma yau ma akwai wani dattijo a waje mai irinsa. Inna ta janye daga jikin na'urar. Ta miƙe ta fita. Ta ƙofar da aka bari buɗe Mufida ta ji tana gaida dattijon, tana tambayarsa abin da ya samu idonsa. Ya ce filafilin kwalekwale ne ya buge shi a gulbi. Matarsa da ke gefe ta ce shekara arba'in tana hana shi shiga ruwa da gaggawa, ba ya ji.

Inna ta dawo ta tsaya a kan Mufida. Ta sa babban yatsa ta shafa tabon da ke girarta.

"Mi ya same ki nan?"

"Ƙahon saniya ne, Inna."

"Ba a gaya mini ƙaho ba." Ta juya ta dubi ɗanta. "Hadiza tana ɗakin nan aka yi maganar ƙahon?"

Mufida ta sunkuyar da kai. Inna ta ja dogon numfashi, ba ta sake tambaya ba.

Nas ta leƙo da takarda, ta ce lokaci ya yi, kuma mace ake so ta zauna da marar lafiya. Baffa ya fara cewa gwaggonta na hanya.

"Ni ce," in ji Inna. Ta sunkuya ta kwashi takalman Mufida ta sa a hammata.

Da aka fito da ita, idon a naɗe, ɗayan kuma ya yi nauyi, Mufida ba ta ganin kowa. Hannu kawai take ji, mai kaushi, riƙe da nata. Likitan ya ce aiki ya yi kyau, amma sai gobe za a san yawan ganin da ya dawo. Tsoron bai tafi duka ba.

Daga bakin ƙofa ta ji muryar Rilwanu, ƙasa-ƙasa.

"Mufidata... kina ji na?"

Hannun ya ƙara matse nata.

"Kai, fita mana," in ji Inna. "Ba a ɗaura ba tukuna. Saura sati biyu."