Malamin Salula

Fa'iza na tsugune bakin murhu tana tuƙa tuwo, hawaye na zuba, tana ɗora wa hayaƙi laifi. Ba hayaƙi ba ne. Da safen nan aka bugo daga Matankari cewa jikin mahaifiyarta Ladidi ya tsananta, ga shi mijinta Mukhtar ya hana ta taka garin tun damina.

Kada ku ce mugu ne, wallahi son Fa'iza yake kamar ya haɗiye ta. Salula ce ta shiga tsakani. Yana zaune a butik ɗinsa, wato shagonsa, a kasuwar Dogon Dutsi ya ci karo da shafin wani malami da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, sai murya mai kauri da hoton littattafai. Ya aika masa tambaya cewa surukarsa ƴar bori ce, mene ne hukunci? Kafin ya sallami mai sayen sabulu amsa ta dawo: a yanke zumunci, macen da ta je wurinta ta bi ta wuta. Shi ke nan, gogan naka ya hau ya zauna.

Da Mukhtar ya shigo cin abincin rana, Fa'iza ta durƙusa ta roƙe shi ko leƙawa ta yi ta dawo. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce ba zai kai matarsa wuta da hannunsa ba.

Ashe mahaifiyarsa, Inna Sahura, na inuwar rumbu tana tsintar wake, ta ji komai. Ta kira shi ta tambaye shi malamin nan ɗan wane gari ne, wajen wa ya yi karatu, kuma ya tambayi ko matar na da mai jinyarta? Mukhtar sai sosa ƙeya.

"To, aika mishi da wanga," in ji Inna. "Ka ce uwarka cikin gidan bori aka haihe ta, kuma ba ta yanke ma iyayenta ba har suka mutu. Mi ne hukuncinta?"

Ya aika. Ko faifan wake Inna ba ta ajiye ba amsa ta shigo. Ita ce dai muryar rannan, kalma da kalma, har tarin da ya yi a tsakiya.

"Ka ji dai, a yanke," in ji Inna. "Ni za ni tattara kayana, ko kai za ka fita?"

Kunya ta rufe Mukhtar, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya tafi wurin Malam Idris, limamin unguwa da ya koya masa alwala. Malam ya yi ta tambaya har la'asar ta kawo jiki, sannan ya ce bori dai ba addini ba ne, kada Fa'iza ta shiga cikinsa, amma Allah da kansa ya yi umarnin a kyautata wa iyaye ko da sun saɓa hanya, balle uwa tana kwance.

Kafin magariba moto, wato babur, ta sauke shi da Fa'iza a Matankari. Ladidi na kan tabarma, ta rame ta lalace. Fa'iza ta faɗa jikinta tana kuka. Da tsohuwar ta ga surukinta a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ba shi ruwa, ɗiyata," ta ce a hankali. "An ce mini butik ta hana ku zuwa. Amma sukari da shayin da kake aiko mini duk sati suna isowa. Allah shi yi maka albarka."

Ko ƙwayar sukari Mukhtar bai taɓa aikowa ba. Ya dubi Fa'iza, ita kuwa ta dubi ƙasa. Ashe ita ce ke aikowa da sunansa. Ya durƙusa nan bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu, ya kasa sha.

Allah ya ba Ladidi lafiya, Fa'iza ta ci ribar haƙurinta. Ku kuwa samari, kafin ku ɗauki fatawa ku shiga da ita ɗakin matanku, ku san wanda ya faɗa, ku san inda ya yi karatu, ku kuma lura ko ya tsaya ya tambayi halin da kuke ciki.