Majigi a Saman Kan Baba

Ranar da Vasiti ta haɗu da Nemani, ƙafafunsa ta fara gani. Yana saman tsani a zauren cocinsu na garin Nausori, kansa cikin silin, wayoyi na reto a wuyansa.

"'Yan mata, miƙo min siririyar wayar nan, ba mai kaurin ba."

"Sunana Vasiti, kuma ni ba yarinyar shagonka ba ce."

Ya leƙo ya yi murmushi. Ta miƙa masa, har da salatif ɗin da bai tambaya ba. Kafin yamma ta san mai kaurin hoto take kaiwa, siririyar kuma ita ke ɗaukar umarni daga maɓallin bango zuwa majigi. Ta kuma san lambar wayarsa.

Matsalar ita ce a Brisbane, can ƙasar waje, Nemani ya girma. Aiki dai ya iya, amma al'ada sai a hankali. Bai tashi kafa majigin ba sai daidai saman inda mahaifinta, dattijo Ravuama, ke zama gaban kwanon yaqona, abin shansu na gargajiya. Rannan tsohon na zaune, gogan naka ya jawo tsani ya haye ta saman kansa yana fito. Ko tulou, gafarar da ake nema kafin a bi ta saman mutum, bai ce ba, balle ya tafa hannu don girmamawa! Vasiti ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Yaron da bai san darajar kan mutum ba," in ji Ravuama a gida, "ba zai kawo min tabua ta neman aure ya nemi 'yata ba. Ga Apenisa nan, ɗan mutunci."

Ta tura wa Nemani saƙo: "Kai wane irin mutum ne? Kan Babana ka tsallake kamar kwata!"

"Yi haƙuri Zumata. Wayar umarni ce ta yi sako-sako, wallahi ban gan shi ba."

"To shi ya gan ka. Kar ka ƙara ce min Zuma."

"To, Rakena?"

Ta ja tsaki ta kife wayar, sannan ta ɗauka ta sake karantawa.

Shi Apenisa, ɗaya manemin nata, ladabi kamar ya kwanta, sai dai karambani ya yi masa yawa. Don a ga ba sai da Nemani ba, ya hau ya kakkaɓe wa majigin ƙura. Ya zare wayoyin ya mayar, ban da siririyar, wai bai ga amfaninta ba.

Ranar Lahadi gari ya taru don ganin Sakiusa a majigi, yayan Vasiti, sojan da ya daɗe a ƙasar waje. Aka haɗa kira a kwamfuta, aka fara dama yaqona, Ravuama ya zauna zaman da ba a tashi sai an gama. Vasiti ta danna maɓalli. Shiru. Ta sake dannawa, majigi ko ƙiftawa bai yi ba. Rimot kuwa tuni yara suka ɓatar da shi. Ta nemi Apenisa, ashe ya sulale.

"Zo yanzu," ta rubuta wa Nemani. "Kuma don Allah ka taho da hankalinka."

Yana shigowa ya hango siririyar wayar na lilo daidai saman furfurar tsohon. Ya ajiye tsani, ya rarrafa, ya zauna a gabansa ya tafa hannu.

"Tulou, Baba. Ina neman izinin hawa saman kanka."

Ravuama ya kau da kai. Daga kwamfuta muryar Sakiusa ke ta cewa, "Baba? Kuna ganina? An kusa kiranmu bakin aiki fa."

"Hau mana!" in ji Vasiti ƙasa-ƙasa.

"Sai Baba ya ce in hau," in ji Nemani.

Wayyo takaici! Da can babu ladabi, yau kuma ya yi yawa. Ta san in kiran nan ya katse, aurensu ya katse tare da shi, amma mutumin ko motsi bai yi ba.

Can dai Ravuama ya gaji. "Kai, hau ka nuna min ɗana, ka ishe ni!"

Nemani ya hau, ya cusa wayar a gurbinta, ya ɗaure kusoshinta, ya sauko ya sake tafa hannu. Vasiti ta danna. Fuskar Sakiusa ta cika bango, tsoho ya sa gefen zaninsa yana share ido.

Da dangin Nemani suka kawo tabua, Ravuama ya karɓa bisa sharaɗi guda: a ɗauke masa majigin nan daga saman kai. Nemani ya kwance komai, ya ja sababbin wayoyi har ɗaya ƙarshen zauren, Vasiti na riƙe masa tsani tana mita.

Ranar biki Ravuama ya shigo, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ja tabarmarsa ya kai ta daidai ƙarƙashin majigin.

"Haba Baba!" in ji amarya.

"Ki ƙyale ni, tulou ɗin yaron nan daɗi yake min." Ya kama hannunta da na Nemani ya haɗa. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu duba ƙasa kafin su hau tsani."

Zauren ya ɗauka da amin. Nemani ya raɗa mata, "Rakena." Ta buɗe baki za ta yi tsaki, sai dariya ta riga shi fitowa.