Fiton Ramin Kuza

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan abu ya faru ne da Sallau, mai haɗa sautin fim a Jos.

Kun san fiton da ake sawa a fim ɗin katun idan mutum ya faɗo daga sama: ya fara siriri, ya yi ta gangarowa, sannan a ji tim. Kowane mai fim shi yake kwafa. Wata rana darakta Tukur ya ce, "Sallau, fiton nan har jarirai sun haddace shi. Nemo mini sabo, ko in nemo wani Sallaun."

Sallau ya ɗauki rikoda ya tafi tsohon ramin kuza da rana tsaka, shi kaɗai, domin ramin yana amsa murya. Ya sunkuya ya yi fito a ciki, abin da mahaifiyarsa ta hana shi tun yana yaro.

Sai ga wani dattijo zaune a bakin ramin, ƙafafunsa na reto. Dugadugansa ne a gaba.

"Samari, fito kake nema?"

"Shi ne, Baba."

Dattijon bai buɗe baki ba. Fiton ya taso daga can sama, ya gangaro, ya gangaro, ya yanke.

"Baba, ina ƙarar faɗuwar?"

"Wannan ku za ku kawo."

A ɗakin aikinsu na saman bene Sallau ya kunna wa Tukur fiton da ya ɗauko a rikoda. Fiton na farawa, ƙafafun Tukur suka bar ƙasa. Wani abu ya maka shi da taga, gilashi ya yaga masa wuya, ya fita da kai. Daidai inda fiton ya yanke, ƙoƙon kansa ya fashe a kan siminti. Tim.

Sallau ya fizge wayar wuta. Fiton ya sake farawa.

Ya ji tafin ƙafarsa ya rabu da daɓe. Sai sana'arsa ta faɗo masa a rai: fito ba ya ƙarewa sai an ba shi ƙara, kuma bai san mutum da buhu ba. Ya rungumi babbar lasifika, ya jira, ya jira, ya sake ta ta tagar. Ta tarwatse daidai inda fiton ya yanke.

Nan take aka yar da Sallau a kan daɓen. Ƙashin gwiwarsa ya huda fata ya fito.

Har yau da sanda yake tafiya, kuma ba a kunna katun da sauti a gidansa. Ku kuwa, kada wanda ya bi hanyar ramin kuza shi kaɗai. In kun ji fito yana gangarowa daga sama, ku jefar da abin da ke hannunku.