Gora Biyu a Gurbin Fakku

Tun kafin Nasara su taka ƙasar Sakkwato, akwai wani masunci a Fakku, sunansa Almu. A wata bazara, sanyi ya janye, ruwan gulbi ya yi ɗumi, giwan ruwa ta fara tasowa sama. Matarsa Lauratu ta haihu, gobe suna, gida kuma babu abin fita kunyar baƙi. Sai ya yi magana da amininsa Ɗanmaliki su haɗu a gurbi, inda gulbi ya fi zurfi, bayan la'asar su kamo kifi.

Almu ya makara. Rana ta yi ja lokacin da ya iso, ya hango Ɗanmaliki can tsakiyar ruwa, kife bisa gorarsa, ya ba shi baya.

"Taho nan," in ji shi a hankali. "Nan manyan suke."

Almu ya kifa cikinsa bisa tasa gorar, ya riƙe homa, ragarsa ta kamun kifi, ya bi shi. Ruwan ɗumi-ɗumi kamar na wankan jinjiri. Ƙarnin kifi da warin laka sun cika hanci, kwaɗi na ta kuka.

"Matso gaba kaɗan."

Ya matsa. Kwaɗin suka yi tsit.

A nan ya lura. Shi duk motsin da ya yi, ruwa sai ya ce caɓal. Na gabansa kuwa tafiya yake, ruwa bai ko girgiza ba.

"Ɗanmaliki, juyo in gan ka."

Bai juyo ba.

Sai murya ta tsaga daga bakin gaɓa, can baya.

"Almu! Tun ɗazu nika kiran ka! Da wa kaka magana?"

Ya waiwaya. Ɗanmaliki ne tsaye a tudu, gorarsa a ka, busasshiya.

Na gaban ya fara juyowa. Kan kaɗai. Kafaɗun ba su motsa ba.

Almu ya runtse ido. Wani abu mai sanyin ƙanƙara ya damƙe masa idon sawun hagu, ya ja ƙasa.

Ya saki homa, ya rungume gora, yana salati ruwa na shiga bakinsa. Ɗanmaliki ya faɗo ruwa da kabbara, ya cafke shi a gashi, suka yi ta ja har aka saki.

An yi suna da tuwon gero da miyar kuka. Almu ya koma Jabo ya kama noma. Har ya tsufa, ƙafar hagu ba ta sake ɗumi ba. Jikokinsa kan yi rige-rigen jingina kumatu a kanta in zafi ya tsananta, shi kuwa sai ya kau da kai.